Yaya kuke yi wa 'ya'yanku maganar balaga da jima'i?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Iyaye maza da mata, shawararku nake nema. 'Yata ta cika shekara goma, ta fara ƙirgar dangi, na kuma san haila ba ta da nisa. Ƙanenta mai shekara shida shi kuma ya tasa ni gaba da tambayar ta ina jariri ke shiga ciki, ta ina yake fitowa. Ina so su ji daga bakina, amma da na buɗe baki sai nauyi ya kama ni. Ku da kuka riga ni, a wace shekara kuka fara, da waɗanne kalmomi, kuma wa ya yi maganar, uwa ko uba?

Uban Samari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni a ganina ki bar yara su ci ƙuruciyarsu. Abin da yaro bai sani ba, ba ya ɗokinsa. Ranar da kika zaunar da shi kika warware masa komai, kin tayar da abin da ke barci, gobe sai ya so gwadawa. Mu babu wanda ya zaunar da mu, ga shi mun girma, mun yi aure, mun haifa. Ki tsare musu salla da karatu, ki san abokansu, ki dage da addu'a. Idan aure ya zo, a faɗa musu abin da ya kamata.

Kakar Yara:
Alhaji, ku maza kuna iya cewa kun girma lafiya, amma mu mata ku tambaye mu. Ranar da na fara ganin jini na ɗauka ciwo ne zai kashe ni. Na yi ta wanke zane a ɓoye ina kuka, har wata yayata ta gane. Duk abin da aka faɗa mini bayan nan shi ne, kin girma, idan namiji ya taɓa ki ciki za ki yi. Na daɗe ina gudun kowa, ko ƙanen mahaifina ne ya miƙo mini abu ba na karɓa. Kuma duk tsoron nan bai koya mini komai ba, don ban san wane taɓi ake nufi ba. Yarinyar da ba ta san abin da ake cewa ta guda ba, ta yaya za ta gane shi idan ya zo mata da fara'a da kyauta a hannu? Ni 'ya'yana mata tun kafin su ga jini na faɗa musu, kuma haka nake sa su yi wa jikokina.

Ungozoma:
Maman Biyu, kada ki jira, lokacin ya riga ya yi. Alamun balaga ga mace suna farawa ne tsakanin shekara 8 da 13, ga namiji tsakanin 9 da 14. Daga ƙirgar dangi zuwa hailar farko yawanci shekara biyu ne zuwa uku, kuma watanni kafin jinin sukan fara ganin farin ruwa a ɗan kamfai. Ki faɗa mata wannan ma, don da yawa suna ɗauka ciwon sanyi ne su shiga damuwa.

Abin da take buƙata yanzu ba mai yawa ba ne. Ta san jinin daga mahaifa yake fitowa, ba rauni ba ne, ba laifinta ba ne, kowace mace mai lafiya tana yi. Ta san na farko yakan zo kaɗan, wani lokaci baƙi-baƙi, yakan yi kwana biyu zuwa bakwai, kuma a shekarun farko ba lallai ya zo daidai kowane wata ba. Ki buɗe audugar mata a gabanta ki nuna mata yadda ake sawa da yadda ake zubarwa, ki sa mata guda a jakar makaranta, ki gaya mata wa za ta nema idan ya zo ba kya kusa.

A kai ta asibiti idan jinin ya wuce mako, ko yana jiƙe auduga duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko ciwon mara yana hana ta zuwa makaranta. Haka wadda alamun suka fito mata kafin shekara 8, ko ta kai 15 ba ta fara ba.

Sai abu ɗaya da iyaye da yawa ba su sani ba: ciki yana iya shiga tun kafin hailar farko, saboda ƙwai yana iya fita kafin jinin ya bayyana. Mai jiran sai ta ga jini sannan ta yi magana, tana iya makara.

Malamin Islamiyya:
Alhaji Uban Samari, na fahimci kishin da kake yi, kuma kunya tana daga cikin imani, babu ja. Amma mu duba yadda aka yi da wannan magana a zamanin Manzon Allah (SAW). Ummu Sulaim ta zo gabansa ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, shin mace za ta yi wanka idan ta yi mafarki? Ya ce eh, idan ta ga ruwa. Ummu Salama tana wurin har ta rufe fuska, amma ba a kori mai tambaya ba, amsa aka ba ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansaru da cewa kunya ba ta hana su fahimtar addini ba.

Sannan ka duba Suratun Nur, aya ta 58. An umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wurin iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da rana lokacin da ake tuɓe tufafi a huta, da bayan sallar isha'i. A hadisin Abu Dawud an ce a umarce su da salla suna da shekara bakwai, a raba musu makwanci suna da goma. Ta yaya za ka aiwatar da waɗannan ba tare da yaron ya tambaye ka dalili ba? Idan ya tambaya, ai maganar ta fara ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a aji shi ne yaro ya kai sha huɗu, yana mafarki, yana tashi ya yi alwala ya bi jam'i, bai san wanka ya hau kansa ba. Alƙalami ya fara rubuta masa, mahaifinsa kuwa yana jin nauyi. Littattafan fiƙihu na masu fara karatu, irin Ahalari, suna da bayanin janaba da haila da biƙi, kuma yara ake karantar da su. Sai dai wani malamin yakan karanta ya wuce da sauri, yaron ya haddace bai gane da jikinsa ake ba.

Uban Samari:
Allah ya gafarta Malam, maganar tsarki da wanka ba ni da ja a kanta, wannan wajibi ne. Inda nake tsayawa shi ne a ce a buɗe wa ɗan shekara shida yadda ake samun ciki. Kuma kun san akwai manhajojin da ake kawowa daga waje da sunan ilimin jima'i, a cikinsu akwai abubuwan da ba za mu yarda a koya wa 'ya'yanmu ba. Daga ƙaramin abu ake farawa.

Malamar Firamare:
Alhaji, ba wanda ya ce a buɗe wa ɗan shida komai. Shi kansa ba komai yake nema ba. Ni da su nake wuni. Yaro yakan tambayi abu, ka ba shi amsa mai jimla biyu, ya ce to, ya ruga wasa. Mu manya ne muke jin tambayar da kunnen manya.

Maman Biyu, ki fara tambayarsa, kai yaya kake gani? Ta nan za ki san abin da ya riga ya ji. Sai ki ce masa jariri yana girma a wani wuri a cikin uwa ana ce masa mahaifa, Allah yana halittarsa daga wani abu na uba da wani abu na uwa, idan ya yi wata tara sai ya fito ta wata hanya da Allah ya yi wa mata a gabansu, wani lokaci kuma likita ya yi aiki ya fito da shi. Shi ke nan. Idan ya ƙara tambaya ki ƙara kaɗan. Idan a cikin mutane ya yi tambayar, ki ce masa tambaya ce mai kyau, za mu yi ta a gida, kuma ki cika alkawari. Abin da ba na so shi ne ƙarya, a ce masa sayo jaririn aka yi. Ranar da ya gano, ya san a wannan fanni ba a samun gaskiya wurin Mama, ba zai sake zuwa ba.

Batun manhaja kuwa, kana da haƙƙin ka duba abin da ake koya wa ɗanka ka ce wannan na yarda, wancan ban yarda ba. Ni ma ba duka nake karɓa ba. Amma tsoron cewa sani yana sa yara su yi gaggawa, an bincika shi. Hukumar UNESCO ta fitar da jagora kan wannan ilimi a 2009, ta sabunta shi a 2018, kuma nazarce-nazarcen da ta tattara daga ƙasashe daban-daban sun nuna koyarwar ba ta sa matasa fara jima'i da wuri, a wasu wuraren ma jinkirtawa suke yi. Kuma ai mu a nan maganar uwa da uba muke yi, ba maganar baƙo ba. Idan kana tsoron abin da baƙo zai koya masa, ka riga shi.

Ba Suna:
Na ɓoye sunana, ku yi haƙuri. Ni namiji ne, yanzu ina da iyali. Ina ƙarami wani babba da gidanmu suka amince da shi ya riƙa lalata da ni. Shi ake ba ni ya raka ni wurare. Ya ce mini wasa ne na manya, sirri ne tsakaninmu, kuma idan na faɗa ni za a daka. Na yarda da shi, saboda na taɓa tambayar wani abu game da gabana aka mare ni aka ce ban da iskanci. Ban ma san sunan abin da yake yi mini ba, balle in faɗa. Sai da na girma na yi aure sannan na iya gaya wa mutum ɗaya.

Alhaji, da kake cewa abin da yaro bai sani ba ba ya ɗokinsa, ni ban yi ɗokin komai ba. Rashin sanina ne ya yi wa mutumin nan amfani. Kuma don Allah a daina ɗauka 'yan mata kaɗai ake yi wa.

Kakar Yara:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, Allah ya saka maka, ya sanyaya zuciyarka. Ba ka da laifi ko ƙanƙani, kana ji na ko?

Uban Samari:
Ɗan'uwa, Allah ya bi maka haƙƙinka. Maganarka ta taɓa ni. Wannan ɓangaren ban kawo shi a raina ba da nake rubutu.

Ungozoma:
Ba Suna, na gode da ka yi ƙarfin halin faɗa. Idan har yanzu abin yana hana ka barci ko yana shiga tsakaninka da iyalinka, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara da aikinsu ke nan, kuma shekaru ba sa hana a samu sauƙi.

Jama'a, wannan ba abu ne mai wuyar faruwa ba. Asusun UNICEF ya fitar da ƙiyasi a watan Oktoban 2024 cewa mata sama da miliyan 370 da ke raye a duniya, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko lalata kafin su kai shekara 18. Maza kuma tsakanin miliyan 240 da 310, kusan ɗaya cikin sha ɗaya. Kuma mafi yawan lokaci mai yin abin ba baƙo ba ne, wanda yaron ya sani ne: ɗan'uwa, maƙwabci, malami, abokin gida, wani lokaci ma yaro ne da ya ɗan girme shi. Shi ya sa "kada ka bi wanda ba ka sani ba" kaɗai ba ya isa.

Wannan darasi tun yaro yana shekara uku ake fara shi, a wurin wanka. Ki gaya masa sunan kowace gaɓa, har da al'aura, da sunan da kowane babba zai gane idan ya ji. Sunayen wasa da gida ɗaya kaɗai ya sani suna da haɗari, yaro zai iya kai ƙara wurin malama ba ta gane me yake nufi ba. Ya san duk inda ɗan kamfai ya rufe nasa ne shi kaɗai, ba wanda zai taɓa ko ya kalla ko ya ɗauki hoto, sai mai yi masa wanka ko tsarki, ko likita a gaban uwa ko uba. Shi ma ba zai taɓa na wani ba ko da an roƙe shi. Ya san yana da damar cewa a'a ga babba a wannan abu, ko wane ne. Kuma duk wanda ya ce masa kada ka faɗa wa Mama, to wannan ne abin da za a fara faɗa wa Mama.

Idan kuma yaro ya zo ya faɗa, fuskarki a minti na farko ita ce komai. Kada ki yi kururuwa, kada ki dake shi, kada ki ce me ya kai ka. Ki ce na yarda da kai, ka kyauta da ka faɗa, ba laifinka ba ne. A raba shi da mutumin nan take, a tafi asibiti kafin a yi masa wanka ko a wanke kayan idan zai yiwu, a kai ƙara hukuma. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar, amma gwargwadon sauri gwargwadon amfaninsa. Na sha ganin an kawo yarinya bayan mako biyu saboda dangi sun tsaya shawarar yadda za a rufa asiri. Asirin wa ake rufawa?

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, ni ce ƙarama a nan. Kuna ta muhawara ko a faɗa ko kada a faɗa, alhali mu an riga an faɗa mana, sai dai ba ku ne kuka faɗa ba. Ni a wayar ƙawata na fara ganin bidiyon batsa, ban nema ba, turo mata aka yi a wani zaure na 'yan aji. A Ingila ofishin kwamishinar kula da yara ya fitar da rahoto a farkon 2023, ya ce matsakaicin shekarun da yara ke fara ganin batsa shi ne 13, kuma ɗaya cikin goma ya gani tun yana da tara. Waya ɗaya ce a ko'ina, ba ta tambayar ƙasar yaro. Ko kun hana naku waya, na abokinsa tana nan.

Abin da na so a ce an gaya mini shi ne: za ki iya cin karo da irin wannan, idan kin gani ki rufe ki zo ki faɗa mini, ba zan ƙwace wayar ba, ba zan zage ki ba. Kuma a ce mini abin da ke ciki shiri ne na kasuwanci, ba haka miji da mata masu mutunta juna suke ba. Samari da yawa daga can suke ɗaukar karatu, shi ya sa suke ganin idan mace ta ce a'a wasa take yi.

Akwai kuma masu buɗe shafi da hoton budurwa ko saurayi, su ja yaro da hira har ya tura hoton tsiraicinsa, sannan su ce ya ba da kuɗi ko su watsa. Samari ma ana yi musu sosai, wasu har sun kashe kansu. Yaron da ya san idan ya faɗa a gida kashinsa ya bushe, shi ne yake ci gaba da biya a ɓoye. Ku gaya musu tun yanzu: kada ka tura, idan kuma ka riga ka tura kada ka biya, kada ka goge saƙonnin, ka zo mu tunkari abin tare.

Maman Biyu:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Wannan na "ba zan ƙwace wayar ba" zai yi mini wuya, amma na ga hikimarsa.

Baban Marainiya:
Ni tawa matsalar daban ce. Matata ta rasu, ni nake riƙe da 'yarmu, shekararta sha ɗaya. Wallahi ban san ta inda zan fara mata maganar haila ba. Ina tsoron ta ji kunyata ta daina sakin jiki da ni.

Malamin Islamiyya:
Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Kana da abin koyi. Sayyidina Ali ya kasance yana yawan fitar da maziyyi, ya ji kunyar tambayar Annabi (SAW) saboda yana auren 'yarsa, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad ya tambayo masa. Kunyar ta tsaya a wurinta, ilimin kuma ya iso. Ka nemi mace mai hankali da yarinyar ta saba da ita, goggo ko inna ko malamarta, ka roƙe ta a fili, ka kuma tabbatar an yi. Kada ka ɗauka wata za ta yi ba tare da an ce mata ba, ta haka marayu suke faɗawa tsakani.

Ungozoma:
Na goyi bayan Malam, amma da ƙari. Da kai take kwana a gida, ba da goggo ba. Idan jinin ya zo da dare fa? Ko da jimla uku ce ka faɗa mata da bakinka: na san kin kusa fara al'ada, abu ne na lafiya, na ajiye miki auduga a wuri kaza, idan ta ƙare ko mararki na ciwo ki gaya mini ko ki rubuto mini. Ba sai kun haɗa ido ba. Irin wannan magana ta fi sauƙi kuna tafiya ko hannunku yana kan wani aiki. Za ta sunkuyar da kai, ƙila ba za ta ce uffan ba, amma ta ji. Kuma ka tambaya a asibiti game da rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa 'yan mata tsakanin shekara 9 da 14.

Uban Samari:
To, na sauko a kan yara ƙanana da maganar kare kai. Amma Hajiya Ungozoma, ina so ki fito fili. Idan sun kai sha biyar, sha shida, har kororon roba da maganin hana ɗaukar ciki za a yi musu bayani? Nan ne fa nake ganin an ba su lasisi.

Ungozoma:
Zan fito fili, Alhaji. Eh, ni ina yi wa nawa bayani, kuma ina haɗa shi da matsayina: ban yarda da jima'i kafin aure ba, ga dalilaina na addini, ga na lafiya, ga na mutunci. Ba na ganin ɗaya yana rushe ɗaya. Dalilina shi ne abin da nake ji a ɗakin awo. Yarinya ta ce an gaya mata ba a ɗaukar ciki a karon farko. Wata ta ce saurayin ya ce idan ta yi wanka nan da nan ko ta sha wani abu shi ke nan. Duk ƙarya ne. Karo ɗaya ya isa, kuma maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana biyar. Wani kuma yana ganin mai ƙanjamau ana gane shi a ido, alhali mutum yana iya ɗaukar cutar shekaru yana da ƙiba da kyan gani. Matsalolin ciki da haihuwa suna cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a duniya, kuma zubar da ciki a ɓoye yana da kaso a ciki. Waɗannan yaran sun san abubuwan nan suna nan, abin da ba su da shi shi ne mai gyara musu ƙaryar da aka haɗa musu da ita.

Malamin Islamiyya:
Ni a nan ina tsakiya. Gyara musu ƙarya da faɗa musu haɗari, na yarda ɗari bisa ɗari. Koya musu yadda ake amfani da abubuwan kafin aure, ban kai nan ba, na fi so a bari sai an zo shirin aure. Amma ko a inda muka saɓa, akwai salon da ya kamata mu ɗauka. Imam Ahmad ya ruwaito cewa wani saurayi ya zo ya ce wa Annabi (SAW) ya yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa. Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, yana cewa a'a. Sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Yaron ya faɗi mafi munin abin da ke ransa, aka jawo shi kusa. Mu da ɗanmu zai faɗi rabin wannan, da me za mu tarbe shi?

Malamar Firamare:
Kuma a riƙa yi wa samari maganar haƙƙin mace, ba 'yan mata kaɗai za a yi ta ja wa kunne ba. Ya san a'a tana nufin a'a, shiru ba yarda ba ne, matsa wa yarinya da magiya ko barazana zalunci ne, tura hotonta ga abokai cin amana ne kuma laifi ne.

Uban Samari:
A kan kororon roba ina nan inda Malam yake, ban matsa ba. Amma ina da ɗan sha uku, muryarsa ta fara buɗewa, kuma ban taɓa ce masa komai ba. Kwanan nan na lura ba ya son cire riga a gaban 'yan'uwansa. Me zan fara da shi?

Ungozoma:
Wataƙila nononsa ne ya ɗan kumbura. Yana faruwa ga samari da yawa a farkon balaga, wani lokaci ɓangare ɗaya, da ɗan zafi idan an taɓa, kuma yawanci yana bajewa da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Suna jin kunyarsa ƙwarai, wasu har suna zaton mace za su zama. Ka fara da wannan, ka ce masa ka san da shi kuma ba ciwo ba ne. Daga nan ka shiga gashin gaba da na hammata, warin jiki da yawan wanka, ƙurajen fuska, miƙewar gaba ba dalili musamman da asuba, sai mafarki. Ka gaya masa wani yana yi da yawa, wani jefi-jefi, wani ma ba ya yi, duk lafiya ne. Ka nuna masa yadda zai wanke wandonsa da zanen gado ba tare da ya jira wani ba. Idan ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a maraina, wannan ba na kunya ba ne, asibiti za a tafi a cikin sa'o'in nan, don jijiyar tana iya murɗewa.

Malamin Islamiyya:
Wankan kuma ka koya masa da kanka, Alhaji, daga niyya har game jiki da ruwa, ka sa ya maimaita maka. Idan ka ga nauyin ya yi yawa, ku buɗe babin tsarki ku karanta tare, kana tsayawa kana tambayarsa me ya gane.

Uban Samari:
Zan gwada bayan sallar asuba, lokacin ƙannensa ba su tashi ba. Idan ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina zan dawo nan.